Tayoyi huɗu, lamba biyu

A lardin Kebek na ƙasar Kanada doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da tayar hunturu, mai alamar dutse da ƙanƙara a gefenta. Sabbin huɗu na jif kuɗi ne mai ciwo, shi ya sa na nemi na hannu a nan Montiriyal. Lambar girman tayar motata 225/65R17 ce. Wanda na saya a wurinsa ya ce nasa 235/65R17 ne, na yi lissafi: tsayin tawa milimita 724, tasa 737, bambancin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, alhali bakanikai kan ce muddin bai wuce kashi 3 ba, ba damuwa. Iyaka idan allurar gudu ta nuna 100, gudun gaske ya kusa 102. Na biya, na kwasa.

Ashe a yadda ya jibge su, biyu na sama ne kawai 235. Na ƙasan 225 ne.

Da ido ba ka gane milimita 13, wanda ya ɗaura mini su ma bai ce uffan ba. Motar ce ta fara magana. A busasshiyar kwalta fitilar santsi ta dinga ƙiftawa, in na ɗan yi nisa a babbar hanya sai gargaɗin jan ƙafa huɗu ya kama. Da farko sanyi na ɗora wa laifi.

Wani bakaniken ne ya durƙusa ya karanta gefen tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya dube ni. Bayaninsa: ƙaramar taya tana juyawa sau 440 a kilomita, babbar 432. Kwamfutar motar kuwa juyin ƙafafu take ƙirgawa, da ta ga gaba da baya ba su daidaita ba sai ta ɗauka zamewa ake yi, ta yi ta matsa wa na'urar da ke raba ƙarfi tsakaninsu har ta yi zafi. Da na ci gaba a haka, gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin sabbin tayoyi. Alhamdu lillahi ba a kai nan ba.

Amma har yau abin na ci mini rai. Lissafin kashi 3 ɗin nan da na yi ta taƙama da shi daidai ne, sai dai na huɗu iri ɗaya ne. Tsakanin gaba da baya ba ya aiki. Hatta cinyewar taya ana dubawa, don haka sabbi biyu kusa da tsofaffi biyu ma ba mafita ba ce, huɗu na sake saya.

Wannan karon 225/70R16 na ɗaura a kan rim na ƙarfe, tsayi 721. Sai da aka gwada rim ɗaya a gaba aka ga bai taɓa birki ba, na kuma duba lambar nauyin da kowace ke ɗauka, kafin na zaro kati. Waɗancan huɗun suna nan jibge a gareji, bibbiyu zan sayar.