Gasar tsara manhajar adashi da na shirya wa ɗalibaina a Garwa

Ina koyar da tsara fuskar manhaja, wato shirya abin da mutum ke gani kuma yake latsawa a waya ko kwamfuta, a wata cibiyar koyon sana'a da ke Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru. Da zangon karatu ya kusa ƙarewa, sai na yanke shawarar maye gurbin jarrabawar takarda da gasa, domin na lura cewa ɗalibaina sun ƙware wajen haɗa launuka da kwaikwayon manhajojin ƙasashen waje, amma ba su taɓa ganin baƙon mutum yana ƙoƙarin amfani da aikinsu ba.

Aikin da na ba su shi ne tsara manhajar da uwar adashi za ta riƙa rubuta zubi da ita, ta ga wadda ta biya da wadda ake bi, ta kuma san wadda za ta kwasa a wannan mako. Na zaɓi adashi ne saboda babu ɗalibin da bai san shi daga gida ba, kuma duk kuskuren da aka yi a cikinsa kuskure ne a kan kuɗin mutane da amanarsu. Na gindaya sharuɗɗa tun farko: manhajar za ta dace da ƙaramin allon wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwanninmu, za ta yi aiki ko da babu intanet, kuma ba za a ɗauka cewa mai amfani da ita tana karanta Faransanci ba, tun da a kasuwar Garwa ciniki da Fulatanci da Hausa aka fi yi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne rabon maki, kuma har yanzu ina ganin a nan ne gasar ta samu ƙarfinta, domin ɗalibi yana karkata ne zuwa inda maki yake. Daga cikin maki 100, na ware 60 ga gwajin da mata masu adashi za su yi da hannunsu. Maki 20 na sauƙin gani da latsawa ne, bisa ƙa'idojin da masu sana'ar suka sani: kada tsawo da faɗin maɓalli su gaza 48dp, wato ma'aunin girma a kan allo, da Google ke ba da shawara a kan Android, kuma bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Wannan na biyun yana da muhimmanci ƙwarai a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, inda hasken rana ke dusashe duk rubutun da bai fito sosai ba. Sauran 20 na bayanin dalilin kowane zaɓi ne. Na manna wannan rabo a bango tun ranar farko.

Na raba su rukuni-rukuni na mutum uku, na kuma hana kowa buɗe Figma, manhajar da ake zana fuskar manhaja da ita a kwamfuta, sai an gama zane a takarda. Sun yi gunaguni, amma takarda ba ta jiran wutar lantarki, kuma ɗalibi yana yage zanen fensir cikin sauƙi, alhali da wuya ya yarda ya goge abin da ya kwana yana ƙawatawa a kwamfuta.

Ranar gwaji na gayyato mata biyar da ke riƙe da adashi a unguwanninsu. Na tsaya a kan biyar ne saboda Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya nuna tun a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan bayyana mafi yawan matsalolin da ke cikin tsari. Doka ɗaya ce na tsaurara: ɗalibi zai miƙa waya, ya faɗi aikin da ake so, sannan ya kama bakinsa. Wannan shiru ya yi musu nauyi matuƙa. Na ga ɗalibi yana murza hannu yayin da wata dattijuwa ke neman wurin rubuta zubi, wanda ya ɓoye a bayan wata alama mai layi uku a kusurwar allo. Da ta gaji, sai ta ajiye wayar ta ce, "Ɗana, littafina ya fi mini wannan sauri." Ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya," ya rubuta a takardarsa.

Rukunin da aikinsa ya fi kowanne kyan gani ya zo na huɗu. Waɗanda suka yi nasara, 'yan mata biyu da saurayi ɗaya, sun je kasuwa tun kafin su fara zane, suka lura cewa da takardun kuɗi matan suke lissafi, don haka maimakon a rubuta adadi, sai suka jera hotunan takardun sefa na 500 da 1000 da 2000 da 5000 da 10000, mace ta latsa wadda aka ba ta. Sun kuma sa hoton kowace mai zubi kusa da sunanta, suka zaɓi nau'in rubutu na Noto Sans domin haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ, waɗanda Hausa da Fulatanci duk suke amfani da su, su fito daidai. A wasu rukunan waɗannan haruffa sun koma akwatuna marasa ma'ana, kuma sunan mutum ne ya lalace a kan allo.

Gasa tana da illar da dole malami ya yi hattara da ita, domin ɗalibai kan fara ɓoye wa juna dabaru, wanda ya sha kaye kuma yakan ɗauka ba shi da basira. Saboda haka na wajabta wa kowane rukuni ya gwada zanen wani rukunin a tsakiyar aiki ya ba shi shawara a rubuce, kuma na sa kyautar ta zama ƙarama, katin intanet kawai, don kada ta rinjayi karatun. Bayan sanar da sakamako na ba kowa mako guda ya gyara aikinsa bisa abin da matan suka nuna, kuma makin wannan gyara ne ya shiga takardar sakamakon zango. Rukunin da ya zo na huɗu ya fito da maɓallin zubi fili a tsakiyar allo, ya samu maki mai kyau.

A zango mai zuwa ina da niyyar sa su tsara jerin zaɓi na lambobi irin wanda ake bi wajen tura kuɗi ta Orange Money ko MTN, domin biyu daga cikin matan da suka zo gwaji wayar maɓalli ce a hannunsu, kuma babu ɗaya daga cikin ayyukanmu da zai yi musu amfani.