Ƙwan sola ne ya hana kalankona fure

Duk wanda ya taɓa sayen kalanko a wajen masu sayar da furanni na gefen titi ya san yadda take zuwa: 'yar tukunya, ganye mai kauri yana ƙyalli, sama kuma ƙananan furanni sun yi cincirindo har ba a ganin reshe. Bayan wata biyu furen ya bushe, ta koma ganye zalla, sai ka ji ana cewa ai dama sau ɗaya take yi. Wannan magana ba ta da tushe. Tawa mai ruwan ɗorawa ta sake fure da kanta a shekarar farko, ba tare da na yi mata komai ba sai ruwa. Abin da ya tsayar da ita daga baya ne har yau nake jin haushinsa, domin yana rataye a saman kanmu muna kallonsa kullum.

Tana kan tagar falo ta gabas, inda take samun ranar safe. Daga uwar na yanko rassa na dasa, suka kama, har tagar ta cika. Ana cikin haka muka sa sola a gida, muka huta da duhu. Ƙwan falo ya koma zama a kunne har sha ɗayan dare, maigida kuma ya sa aka ɗaura wani a waje, daidai saman tagar, yana ci har asuba saboda tsaro. Hunturu ya zo ya wuce, ko ƙullin fure ɗaya ban gani ba. Ganye kuwa sai ƙara faɗi yake, kore shar, rassa suna miƙewa.

Na koma wajen wanda na saya a hannunsa. Bai ko tambaye ni inda take zaune ba, ya ce, "Hajiya, abinci take nema, ki sa mata takin zamani." Ya sayar mini da ƙulli. Wani a gaba da shi ya ce ƙishi ne, iskar hunturu ta busar da ita, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Takin ya ƙara mata ganye, domin aikinsa ke nan. Ruwan kuma ya ruɓar da saiwar ƙananan da na dasa, gindinsu ya yi baƙi ya yi laushi, da an taɓa sai su faɗi. Shekara ta tafi a banza, kuɗi ya tafi, kuma shukokin da na rena da hannuna suka mutu a kan ciwon da ba shi ke damunsu ba. Ba na cewa da gangan suka yi. Amma mutumin da sana'arsa ke nan, ya ci a ce ya san tambayar farko da zai yi.

Ɗan yayana da ke karatun aikin gona ne ya yi wannan tambayar, ranar da ya kwana a gidanmu. Bayan Isha'i ya tsaya yana duban tagar, ya ce, "Gwaggo, wannan ƙwan na waje ƙarfe nawa ake kashe shi?" Na ce ba a kashewa. Ya ce, "To, shi ne matsalarki. Ita wannan da tsawon dare take sanin lokacin fure ya yi."

Da farko ban yarda ba. Sai ya kawo mini misalin dawa, wadda na sani tun ina yarinya. Dawarmu ta gargajiya, ko ka yi shuka da ruwan fari ko ka makara da sati uku, kusan lokaci ɗaya take yin ciki ta fid da kai, a ƙarshen damina, sa'ad da yini ya fara raguwa. Ba kwanakin da ta yi a ƙasa kaɗai take ƙirgawa ba. Wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, su ne suka bayyana wannan a 1920 da gwajin taba da waken suya, daga baya kuma aka gano cewa tsawon duhun ne abin lura, kuma dole ya zama duhu marar yankewa. Kalanko, wadda masana ke kira Kalanchoe blossfeldiana, tana cikin wannan jerin. Asalinta daga tsaunukan arewacin Madagaska take, da jan fure, wani Bajamushe mai sayar da iri, Robert Blossfeld, ya fito da ita kasuwa a 1932. Mai ruwan ɗorawa da sauran launukan duk daga baya masu haɗa iri suka samar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar tazarar a nan wajenmu. A Kano dare mafi tsawo, a watan Disamba, bai wuce awa 12 da rabi da 'yan mintuna ba. A Yuni kuma awa 11 da ɗan abin da ba a rasa ba. Ita kuwa sai dare ya haura kamar awa 12 a jere, kwana da kwanaki, kafin ta ƙulla fure. Wato da ƙyar hunturunmu yake isar ta. Shekarar farko ɗauke wuta ne ya taimake ta: da Magariba ta yi falo ya yi duhu, shi ke nan har safe. Da ƙwan nan ya zo, ko da haskensa bai kai na karatu ba, a wajenta dare bai ƙara yi ba.

Maganin kwali ne, irin na taliya ko na sabulu, wanda ba ya da huda. Ƙarfe 6 na yamma a kife shi a kanta, ƙarfe 8 na safe a ɗauke, awa 14 ke nan, kullum har tsawon mako 6. Da rana kuma a bar ta ta sha haske sosai. Faɗinsa da sauƙi, amma a gida mai yara sai an yi da gaske. Wannan ya ɗaga ya leƙa, wancan ya haska da fitilar waya don ya ga ko fure ya fito. Sai da na liƙe kusurwoyin kwalin da takarda, na kuma zaunar da yaran na yi musu bayani, na ɗora wa babbar aikin rufewa kafin ta tafi alwalar Magariba. Kada a yi amfani da baƙar leda, tana tara gumi, ganyen ya ruɓe. Kuma a fara cikin Nuwamba. Zafin dare yana jinkirta mata fure, don haka wanda ya fara a Afrilu, lokacin da ɗaki ke turiri har tsakar dare, zai wahala ne kawai.

Wajen ƙarshen makonnin na ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore a kan rassa, ba su yi kama da sabon ganye ba. Na kira yaron a waya na kwatanta masa, ya ce, "Alhamdulillahi, Gwaggo, ki ajiye kwalin." Da zarar ƙullin ya bayyana sosai, haske ba ya mayar da shi. Sai dai sai an ƙara haƙuri na wasu makonni kafin su buɗe. Da suka buɗe, tagar ta yi rawaya tun daga wannan gefe har wancan, kuma sun daɗe fiye da wata guda. Ba taki, ba magani, ba sabuwar tukunya.

Sauran kulawar ba ta da yawa. Ganyenta rumbun ruwa ne, don haka ina tura yatsa cikin ƙasar, in na ji ta bushe har gaɓa ta biyu sannan in ba ta, a gindi, ba a kan ganye ba, in zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar ƙasa mai huda ta fi ta roba, a haɗa yashi mai tsakuwa da ƙasar lambu rabi da rabi, da ɗan busasshen taki wanda ya riga ya ruɓe. Ƙurar hunturu tana kwanciya a ganyen, ina goge ta da ɗanyen tsumma. In an ga wani farin abu kamar auduga a maƙale a hammatar ganye, ƙwari ne masu tsotse ruwanta, auduga da ɗan sifirit tana ɗauke su in an gan su da wuri. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: tana da guba mai taɓa zuciyar dabbobi, furen ma ya fi ganyen. Mai kyanwa ko akuya mai shigowa tsakar gida ya ɗaga ta sama, haka ma inda ake da yaro mai rarrafe.

Ƙwan na waje mun yi ta muhawara a kansa da maigida, domin shi ma yana da gaskiyarsa, ba za a bar ƙofar gida cikin duhu saboda fure ba. A ƙarshe aka mayar da shi ɗaya gefen bango, ni kuma daga Nuwamba nake kwashe tukwanen da yamma zuwa ɗakin ajiya da ba a kunna wuta, ya fi sauƙi da neman kwali ga kowace. In fure ya gama, ina datse kan da ya bushe, in yanko rassa masu tsawon yatsa, in bar su a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe kafin in soka su a yashi. Wanda aka dasa a farkon damina yakan yi girman da zai ɗauki fure kafin sanyi ya shigo.