Wasiƙa daga Amurka: Kafin ku zuba kuɗinku a gwanjon motocin hatsari

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, da iyali da harkoki. Maganar motocin gwanjo ce ta sa na ɗauki alƙalami, don yanzu kusan ita ce abin da ake fara tambayar duk mazaunin Amurka da zarar an gama gaisawa. Mutum zai turo hoton Camry ko Highlander tana sheƙi, an rubuta dala 1,800 a ƙasanta, ya ce don Allah a yi sauri a saya masa kafin wani ya riga shi. Na ga gara in yi bayanin a wuri ɗaya kowa ya samu. Wannan farashin da ke ƙasan hoton, tayin da aka kai ne kawai a lokacin da ka duba, gwanjon ma ba a buɗe shi ba tukuna. Hoton kuwa, abin da mai ɗauka ya ga damar nunawa ne.

Yawancin motocin nan daga hannun kamfanonin inshora suke fitowa. Idan mota ta yi hatsari, kamfanin zai aiko a ƙiyasta kuɗin gyara, a gwada shi da darajar motar kafin hatsarin. In gyaran ya kai wani kaso, sai kamfanin ya biya mai motar kuɗinta, ya karɓe ta, ya tura gwanjo. Kowace jiha da nata ma'aunin: a New York kashi 75 cikin 100 ne, a Florida 80, a Oklahoma 60, a Texas kuwa sai gyaran ya kai darajar motar gaba ɗaya. A ce motar dala 10,000 ce a New York, an ƙiyasta gyaranta dala 7,500, to ta tafi kenan. A nan ne ribar sana'ar take. Ladan mai gyaran jikin mota a ƙasar nan ya haura dala 50 a awa ɗaya, kuma ba a cika bugun ƙarfe ana miƙar da shi ba, cire ɓangaren ake yi a sa sabo. Saboda haka tsohuwar mota mai lafiyayyen inji tana iya faɗawa gwanjo a kan ƙofa biyu da fenda. Irin wannan ake nema. Matsalar ita ce a fili ɗaya take jere da wadda shasinta ya karye, da wadda ta kwana uku a cikin ruwa, kuma a waya duk kamarsu ɗaya.

Manyan kamfanonin gwanjon biyu ne. Akwai Copart, wanda Willis Johnson ya kafa a 1982 a Vallejo ta jihar Kalifoniya, ya mayar da cinikinsa kacokan kan intanet a 2003, yanzu hedikwatarsa na Dallas. Akwai kuma IAA, wanda kamfanin Ritchie Bros. na Kanada ya saya a 2023. Su dillalai ne, galibin motocin ba nasu ba ne. Sharaɗin da kowa ke amincewa da shi wajen rajista, wanda kusan ba mai karantawa, shi ne ana sayar da mota yadda take a inda take. Babu garanti, babu mayarwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai wata alama da ke ruɗar mutane, wadda ke cewa motar tana tashi tana tafiya. Abin da take nufi kawai shi ne ranar da aka kawo motar filin ta tashi, ta shiga giya, ta motsa gaba da ƙarfinta. Ba a ce ta hau titi ba, ba a ce ba ta zafi ba, ba a ce za ta sake tashi ranar da aka zo ɗaukarta ba. Motar da lagiretonta ya fashe tana iya cika wannan sharaɗin tsaf.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne tambayar waye mai sayarwa. Idan kamfanin inshora ne, yawanci motar tana nan yadda aka jawo ta daga wurin hatsari, da fasasshen gilashi a kan kujera da komai. Muninta a fili yake, kuma wannan alheri ne, don ka san abin da za ka gyara. Amma gwanjon a buɗe yake ga 'yan kasuwa su ma su kawo nasu. Akwai masu sayen motar da ta daku sosai, su ja gabanta ya ɗan miƙe, su rataya mata bamba da bonet na kwance, su wanke ta, su mayar da ita gwanjo a wata jiha. Kai kana kallon hoto sai ka ga ɗan ƙwarzane ne kawai, alhali a ƙarƙashin bamban ƙarfen da ke riƙe da inji a lanƙwashe yake. Ku riƙa buɗe hotunan da girma. Ku duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda, ko ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa. Ku duba ko launin bonet ya ɗan saɓa da na jiki, ko akwai siririyar igiyar roba da aka ɗaure fitila da ita, ko taya ɗaya ta ja baya ta kusa taɓa jiki. Motar da aka ce ta bugu ta gaba amma ba ko ƙura a ɗakin injinta, a tambayi wanda ya wanke ta da dalilinsa.

Maganin wannan shi ne lambar shasi. Tun 1981 kowace mota a Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙirarta. Ka kwafe ta ka saka a injin bincike na intanet kawai. Sau da yawa hotunan gwanjon da ta taɓa shiga za su fito, ka ga yadda take kafin a yi mata kwalliya. Sannan a sayi rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck. Akwai kuma rumbun bayanan motoci na NMVTIS da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wanda tun 2009 doka ta wajabta wa kamfanonin inshora da filayen kwance su riƙa kai masa rahoton motocin da suka shigo hannunsu. Kuɗin duk waɗannan bai taka kara ya karya ba. In motar ta yi maka sosai, akwai masu zuwa filin su duba maka da ido a kan lada, su turo hoton ƙasanta da bidiyon ƙarar inji. Wanda ya tsallake wannan duka, cinikin biri a sama ya yi.

Sai motocin ambaliya, waɗanda ni dai ba na ba kowa shawarar ya taɓa su. Su ne suka fi kyau a hoto, don ba inda suka lotsa. Bayan guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey da ta nutsar da Houston a Agustan 2017, da Ian a Florida a 2022, motoci dubbai ɗaruruwa ne suka lalace. Bayan Harvey har filayen tseren motoci aka karɓa haya aka jera su, don filayen gwanjo sun cika. Motar zamani wayarin ce da ƙananan kwamfutoci, wasu a ƙarƙashin kujera, wasu a ƙarƙashin kafet. Ruwa in ya shiga, musamman na teku mai gishiri, ba ranar yake nuna aikinsa ba. Motar za ta tashi lafiya, a yi wata uku ana jin daɗi, sai gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi canzawa, jibi fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, mai wayarin ya canza wannan ya canza wancan har mai motar ya gaji. Masu amfani da batir, ko lantarki zalla ko masu haɗawa da fetur, nasu ya fi haɗari: bayan Ian an samu motocin lantarki da suka kama da wuta bayan ruwan gishiri ya shige su.

Wanda ya taɓa buɗe ƙofar irin wannan mota a fili da rana tsaka ba ya manta warin, wani ɗoyin rima haɗe da turaren da aka fesa don a danne shi. In ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe za ka ga inda ruwa ya tsaya ya bar zane. Ka tura kujera baya, dogon ƙarfen da take gudu a kai ya yi tsatsa, da busasshen laka a lungunsa. Ramin safaya akwai yashi, cikin fitila akwai raɓa, bakin soket ɗin wayoyi ya yi kore. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hotunan gwanjo. Kuma da yake dokokin jihohi sun bambanta, akan kai mota wata jiha a sake mata takarda, tambarin ambaliyar ya ɓace a hanya. Takarda mai tsabta ba hujja ba ce. A duba inda motar take zaune a watan da aka yi guguwa.

Waɗanda suka fi kwanciyar hankali su ne wadda ƙanƙara ta lotsa wa rufi da bonet, da wadda aka sace aka gano bayan inshora ta riga ta biya, da wadda aka buga ta baya ba da ƙarfi ba. Motar jihohin arewa irin su Michigan da Ohio kuwa a leƙa ƙasanta, don gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara yana cin ƙarfe.

Maganar jakar iska, wato wadda ke kumbura ta kare mutum a hatsari, ta wuce maganar riba. In ta fashe, gyaran gaskiya shi ne a sa wata lafiyayya, a canza bel ɗin da ya ƙulle, a gyara kwamfutar da ke kula da su. Wannan kuɗi ne, shi ya sa wasu ke cusa tsumma a sitiyari su manne murfi, su sa ɗan abin da zai kashe fitilar gargaɗi. Wanda ya yi haka ya sayar bai faɗa ba, ya san dai iyalin wani ne za su shiga motar. Ko jakar ba ta fashe ba, a saka lambar shasi a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA, kyauta ne, don jakunkunan kamfanin Takata kimanin miliyan 67 aka yi wa kiranye a ƙasar nan saboda suna fashewa su watso ƙarfe, kuma har yanzu akwai tsofaffin motocin da ba a canza musu ba.

To sai lissafi. A kan abin da ka taya akwai la'adar kamfanin gwanjo, wadda ke hawa yadda farashin ya hau, da kuɗin tayi ta intanet, da kuɗin fitarwa daga ƙofa. A ƙaramar mota waɗannan kaɗai ɗaruruwan daloli ne. Jihohi da yawa ba sa barin wanda ba shi da lasisin dillanci ya taya, sai ta hannun dillali, shi ma da tasa la'adar, da kafin alƙalamin da za ka ajiye tun kafin a ba ka damar tayi. In ka ci, kwana biyu zuwa uku na aiki gare ka ka biya, in ka makara akwai tara, in motar ta daɗe a filin kuɗin ajiya na hawa kullum. In ka fasa kuma ba tafiya za ka yi salin alin ba, sai ka biya tarar mayar da ita kasuwa. Wani lokaci ma kai ne mafi tayi amma ba ka ci ba, don mai motar ya sa sharaɗin sai ya amince. Sannan jigila zuwa bakin teku: motar da ke kusa da Savannah ko Baltimore ko Newark ba ɗaya take da wadda ke can Montana ba, kuma wadda ba ta tashi ta fi tsadar ɗauka a kowane mataki.

Shi kansa gwanjon, mota ɗaya ba ta cika wuce minti ɗaya ko biyu ba. Agogo na juyawa a allo, duk wanda ya ƙara sai agogon ya koma farko, kana ganin tutocin ƙasashen masu tayi suna bayyana suna ɓacewa. A nan mutane ke ƙonewa, don zuciya na cewa ƙara ɗari ɗaya kawai. Lissafin daga baya ake fara shi: nawa motar za ta yi bayan gyara, a cire kuɗin gyara da ɗan ƙari saboda abin da ba a gani ba, a cire jirgi da kwastan da la'adoji, abin da ya rage shi ne iyakarka. Ka rubuta shi a takarda kafin a buɗe. In an wuce shi ka ɗauke hannu, gobe ma akwai gwanjo, kuma irin motar ba ta ƙarewa.

Na kusa mantawa da takardu, alhali su ke riƙe mota a tasha. Kwastan na Amurka na buƙatar a gabatar da motar da asalin takardar mallakarta aƙalla awa 72 kafin a loda ta. Takardun kuma iri-iri ne: akwai ta motar da za a iya gyarawa ta koma titi, akwai wadda ke cewa motar ta kwance ce kawai, akwai ma wadda rasidin ciniki kaɗai za a ba ka. Wata takardar kuma sai an yi makonni kafin ta fito, motar na zaune kuɗin ajiya na cin ka. Kafin ka taya, ka tura wa kamfanin jigilar irin takardar da aka rubuta, ka tambaye su ko za su iya fitar da motar da ita, ko jirgin da ake tuƙa motoci a shigar zai karɓe ta, ko kuwa sai kwantena. Ka duba ko tana da makulli, don yankan na zamani ba arha ba ne. Ka kuma tabbatar da dokar shekarun mota ta ƙasar da za a sauke ta tun kuɗinka na aljihunka.

Wanda zai turo mini hoto daga yau, don Allah ya haɗo da lambar shasi, da sunan jihar da motar take, da iyakar abin da zai iya kashewa har ta iso hannunsa.

A gaida kowa da kowa.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Amurka