Réjean Ducharme, marubucin da ya ƙi a ga fuskarsa

Wai mutum ya rubuta littafin da ya girgiza Paris yana da shekara 25 kacal, ƴan jarida na ta nemansa ruwa a jallo, shi kuma ya ja ƙofarsa ya rufe, ya ci gaba da zama a haka har shekara 50. Wannan shi ne Réjean Ducharme, ɗan lardin Kebek na Kanada inda ake Faransanci, an haife shi 1941 a wani ɗan gari Saint-Félix-de-Valois, ya rasu a Montreal cikin Agustan 2017.

Wani kamfanin buga littattafai na Montreal ne ya fara ƙin karɓar rubutunsa, sai kawai ya tattara ya aika wa kamfanin Gallimard a Faransa, su kuwa suka buga L'Avalée des avalés a 1966. Littafin ya shiga jerin waɗanda ake sa wa ran kyautar Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, a gida Kanada kuma ya ci kyautar Gwamna Janar, to tun da ba a ganin marubucin sai tsegumi ya tashi, wasu ma cewa suke babu wani Ducharme, wani babban marubuci ne ya ɓuya bayan sunan. Hotunansa da duniya ta sani yana raye ba su taka kara sun karya ba, su ɗin dai ake ta maimaitawa a jaridu. Abokiyar zamansa Claire Richard ce ke magana da mutane a madadinsa har ta rasu a 2016.

Ni fa abin da ya kama ni ba ɓuyan ba ne kaɗai, yarinyar cikin littafin ce, Bérénice Einberg. Ƴar shekara 9 ce a farkon labarin, suna zaune a wani tsibiri cikin kogin Saint-Laurent, uba Bayahude uwa ƴar Katolika, sun raba ƴaƴan tamkar kayan gado, ita ta uban ce, wanta Christian na uwar. Yarinyar nan wallahi wuta ce, tana jin duk abin da ke kewaye da ita so yake ya haɗiye ta, soyayyar uwa ma tarko take ganin ta, tana son uwar kamar ta mutu amma tana yaƙar son da ƙarfin tsiya don kar a mallake ta, har yare nata na kanta ta ƙirƙira saboda ta tsani maganar manya. Aka tura ta New York wajen kawunta mai tsananin riƙon addini, daga nan Isra'ila cikin yaƙi, inda a ƙarshe ta kare kanta daga harsashi da jikin ƙawarta Gloria. Wurin nan ya dame ni sosai, don ka bi ta tun tana ƙarama kana tausayinta, sai ga inda ƙin miƙa wuyan ya kai ta, kuma Ducharme bai wanke ta ba.

Haka yaransa suke kusan duka. A Le Nez qui voque na 1967, Mille Milles mai shekara 16 da Chateaugué mai 14 alkawari suka yi gara su mutu da su girma su zama irin manyan da suke gani. A 1969 kuma ya fitar da La Fille de Christophe Colomb, labari ne sukutum amma a baitocin waƙa.

Sai salon. Faransancin da aka koya mana a lakwal mai ɗaure da taye ne, kuskure ɗaya malam ya ja maka jan biro, shi kuwa wannan bawan Allah karya kalmomi yake yana haɗa su yadda ya ga dama, ya cakuɗa maganar titin Montreal da ta manyan mawaƙan Faransa a jimla ɗaya, taken littattafansa ma wasa da kalma ne. Kuma ba rashin iyawa ba ne, sai wanda ya san harshe ciki da bai yake iya yi masa wannan wasan. Gaskiya wani lokacin yana gajiyar da mai karatu, akwai shafukan da wasan ya yi yawa har labarin ya tsaya cak, amma ban taɓa jin ƙarya a muryarsa ba.

Kar a ɗauka ya naɗe hannu ne a ɗaki. Ya rubuta wa mawaƙin Kebek Robert Charlebois waƙoƙi, ya rubuta wasannin dandali, shi ya rubuta labarin fim ɗin Les Bons débarras na 1980, sannan yana yawo a titunan Montreal yana tsintar tarkacen da aka zubar, maɓallai, guntun ƙarfe, fasassun kayan wasan yara, ya manna su ya fitar da su baje koli da sunan Roch Plante. Bayan 1976 ya yi shekara 14 bai fitar da littafin labari ba, sai 1990 ya dawo da Dévadé, na ƙarshen da ya buga yana raye shi ne Gros mots a 1999.

Wanda ke jin Faransanci ni dai zan ce ya fara da L'Hiver de force na 1973, labarin André da Nicole Ferron, masu gyaran kurakuran rubutu da suka yanke shawarar daina komai, su zauna a ɗaki suna kallon talabijin suna jiran kiran wayar wata ƴar fim da ba ta damu da su ba. Ya fi sauƙin shiga, ga ban dariya ga ban tausayi, daga nan sai a je wa Bérénice.