Ranar Alhamis bayan la'asar, littafin jagora muke gyarawa

Sana'armu gwajin manhaja ce. Mu shida ne a wani ɗaki a saman bene a unguwar Nima da ke Accra, kuma yawancin aikin da ke shigo mana na masu karɓar kuɗi ta waya ne: makarantun kuɗi, masu adashe, kantunan magani. Mai manhaja zai kawo mana kafin ya sake ta, mu kuma mu rubuta ƙananan gwaje-gwaje da za su riƙa yi mata tambaya. In an tura sidi ɗari biyu, nawa ya isa? In layi ya yanke ana tsakiyar biya, an cire kuɗin sau biyu?

Harajin da gwamnatin Gana ta sa kan tura kuɗi ta waya shi ya fi ba mu aiki. Ya fara a watan Mayu na 2022 da kashi 1.5 cikin ɗari, ban da sidi 100 na farko a kowace rana. A Janairun 2023 ya sauko zuwa kashi 1, a Afrilun 2025 aka soke shi. Duk sauyi ɗaya, sai an bi lissafin kwastomomi layi-layi. Wanda yake da gwaje-gwaje a rubuce, lamba ɗaya zai sauya, ya danna, ya ga inda ya yi ja, wato gwajin da ya faɗi. Wanda ba shi da su, sai masu biya sun kira da faɗa.

Da pytest muke aiki, kayan gwaji na harshen Python wanda Holger Krekel ya faro. Kyauta ne, kuma kowa na iya duba cikinsa ya kawo gyara. To amma kayan aiki irin wannan ba shi da wani maigida da zai zaunar da kai ya nuna maka. Littafin jagorarsa shi ne malamin. Shi ya sa na ware awa biyu duk Alhamis bayan la'asar, muna karanta shi muna gyara, kuma ina biyan yara kuɗin wannan lokaci kamar kowane aiki.

Littafin yana da kyau, tsakani da Allah. An raba shi bisa tsarin Diátaxis na Daniele Procida, wanda ya kasa rubutun jagora gida huɗu: darasin ɗan koyo, matakan yin wani aiki, bayanan dubawa, da sharhin dalili. Abin da ke faruwa kawai shi ne gwani ne ke rubutawa, gwani kuwa ya daɗe da manta inda ya yi tuntuɓe.

Don haka ba ni nake jan zaman ba, sabon shiga ne. Wata yarinya da ta zo mana koyon aiki ta kira ni wata Alhamis, ta ce, "Maigida, ka ga wannan? Na haɗa 0.1 da 0.2, na ce su zama 0.3, ya ce na faɗi." Ba ta faɗi ba. Kwamfuta da lissafin sifili da ɗaya take ajiye ɓarin lamba, 0.1 kuwa ba ya zama cif a cikinsa, sai amsar ta fito 0.30000000000000004. A pytest akwai approx don kwatanta lambobi irin waɗannan, amma ga kuɗin mutane ba ma yarda da "kusan daidai". Ko dai Decimal, nau'in lamba na Python mai riƙe ɓari daidai, ko a ƙirga komai da pesewa, wadda ɗari ke yin sidi ɗaya. Na ce mata ta rubuta tambayar yadda ta yi ta da bakinta, kafin ta fahimci amsar. Jimlar nan ta mai ruɗewa ita ce abin da gwani ba zai iya ƙirƙirowa ba, kuma kwana biyu kawai take yi a kan mutum ta gudu.

Daga nan sai mu raba. Abin da ya shafi kuɗin Gana ya shiga littafinmu na cikin gida, wanda muke rubutawa da Turanci da Hausa. Abin da zai amfani kowa mu aika wa masu kula da pytest ta GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajar a kai. Shafukan littafin pytest da tsarin rubutu na reStructuredText aka rubuta su, manhajar Sphinx ke haɗa su, don haka muna gina su a kwamfutarmu tukuna mu ga yadda suka fito. Dokata ɗaya ce: ba a aika misalin da ba a kwafa an gwada ba.

Gyare-gyarenmu ƙanana ne, jimla ɗaya, misali ɗaya, wani lokaci mahaɗin da ya mutu. Masu dubawa 'yan sa-kai ne, suna da nasu aikin, amsa takan ɗauki lokaci, wani gyaran kuma a ce a sake. Yara kan ji haushi da farko. Ni kuwa murna nake, domin ƙwararre a wata ƙasa ya zauna ya duba rubutun yarona ban biya ko pesewa ba.

Wani abokin sana'a a Maamobi ya ce ina ƙona albashi. Lissafina dabam ne. A da sabon yaro kan ɗauke ni daga aikin kwastoma sau da yawa a yini da tambaya iri ɗaya. Yanzu yakan fara buɗe littafin, in bai samu amsa ba ya rubuta tambayar a allon da ke bayan ƙofa, ta jira Alhamis.