Waƙar da na yi wa fim da yadda ta kaya bayan na sake ta

Tun asali waƙar nan ba don a ji ta ita kaɗai na yi ta ba, sin guda ɗaya na yi wa, wato fitowa ɗaya a cikin fim. Darakta ya turo min shi ba sauti, yarinya ta shigo ɗakin mahaifiyarta da ta rasu ta tarar an kwashe kaya, tana tafiya a hankali tana shafa bango, ya ce maigida kar murya ta shigo sai ta zauna bakin gado. Na ƙirga, sakan 40 kafin ta zauna. Sai na yi sakan 40 na fiyano zalla sannan baiti ya shigo, ranar da muka ɗora kiɗan a kan hoton a sutudiyo wallahi shiru kowa ya yi har edita.

Daga nan furodusa ya ce mu saki waƙar sati biyu kafin fim don ta janyo mutane, ni kuma ɗoki ya ɗebe ni na ɗauke ta yadda take a fim ɗin na miƙa wa kamfanin da ke raba min waƙoƙi a Spotify da Audiomack da sauransu ban taɓa komai ba. Juma'a muka sa, tunda tun 2015 ita ce ranar sakin waƙoƙi a duniya. Amma Spotify suna so ka gabatar musu da waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fito don su duba ko za su sa ta a jerin waƙoƙin da suke zaɓa wa masu sauraro, ni saura kwana uku na tura, wannan damar ta wuce ni.

Abin da ya fi min ciwo shi ne a Spotify sai mutum ya kai sakan 30 ake lissafa cewa ya saurara, ni kuwa muryata ba ta shigowa sai 40. Na buɗe YouTube Studio, shafin da ke nuna wa mai bidiyo lissafin masu kallonsa, na ga layin nan mai nuna inda mutane ke daina kallo, ya faɗo tun kafin in buɗe baki. Wanda bai ga yarinyar tana shafa bango ba me zai zaunar da shi yana jiran fiyano? Na so in kare kaina, na ce ai waƙar Whitney Houston ta fim ɗin The Bodyguard a 1992 ita ma a hankali ta fara kuma ta yi sati 14 a saman Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, sai na sake jinta na gane ita da murya ta fara tun sakan na farko, kiɗan ne ya jira.

Ana cikin haka ga wata matsalar. Wajen lodawa na danna a yi wa waƙar rajistar Content ID, tsarin YouTube mai gano waƙarka a bidiyon wasu, ashe tirelar fim ɗin da ke shafin kamfanin fim tana ɗauke da amshin, kawai YouTube ta lafta mata kilem da sunana, wato alamar cewa kiɗan mallakina ne. Furodusa ya kira ni cikin dare ransa a ɓace yana cewa shi ya biya kuɗin sutudiyo ta ya za a ce kiɗan ba nasa ba ne, kuma gaskiya ba mu taɓa rubuta wa ke da rikodin wa ke da rubutun waƙa ba, da baki muka yi komai. Sai da muka zauna muka sa a takarda, na sa aka cire kilem ɗin.

Da fim ya fito komai ya juya. Kwamen suka fara shigowa kusan duk magana ɗaya, daga sin ɗin ɗaki nake. Wata ta rubuta cewa da fiyanon ya fara ta ajiye waya, don ita ma haka ta tarar da ɗakin mamanta. Wato wurin da ya kori mutane da farko shi suka dawo nema. A TikTok kuma amshin kawai suka yanka suna ɗorawa a hotunan iyayensu, da yawansu ma ba su san akwai fim ba.

Saboda su na koma na yi gajeren yanka mai farawa da amshi kai tsaye, sai dai sabon rikodi sabuwar lambar ISRC yake ɗauka, wato lambar shaidar kowane rikodi, don haka lissafin masu sauraro ya rabu biyu. Waɗanda suka kalli fim har yau doguwar suke so, wasu har faɗa suka yi min wai na taɓa musu waƙa.

Watan jiya wani daraktan ya turo min sin, kafin in kunna fiyano na ce masa mu fara sa hannu a takarda, kuma a rana ɗaya zan miksa guda biyu, ta cikin fim da wadda za a saki, ita ta sakin zan sa muryata a sakan na biyar.