Ci 21 a mako: yadda na tsara nama da ganye a watan farko na paliyo

A rana ta huɗu da fara tsarin cin abinci na paliyo, wajen ƙarfe 11 na safe, na tsaya a gaban firji hannuna na karkarwa don yunwa. Abin da ke ciki: ɗanyen nama da ya daskare kamar dutse, rabin kabeji, da karas guda uku. Duka tsarin ya yarda da su, amma babu wanda zai shiga baki kafin awa guda. Na jawo burodin yara na ci yanka biyu. Kwana huɗun nan suka tashi a tutar babu, dole na koma ƙirga daga ɗaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ba don kwalliya na shiga wannan lamari ba.

Kusan shekara biyu ke nan ina fama da kumburin ciki bayan cin abinci, ga ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ba ya jin man shafawa. Likitar da ke duba ni ce ta kawo shawarar in janye wasu abinci na ɗan lokaci, sannan in riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya mu ga wanne jikina ke ƙi. Amma kafin in daina cin alkama sai da ta sa aka ɗebi jinina aka yi gwajin cutar siliyak, wadda sinadarin gulutin na alkama ke tayarwa. Ta ce in mutum ya riga ya bar alkama, gwajin na iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan. Don Allah duk mai shirin farawa ya riƙe wannan. Nawa ya fito babu komai, sannan na fara.

Tsarin paliyo a taƙaice shi ne a bar hatsi, da wake da danginsa (har da gyaɗa, don ita ma 'yar gidan wake ce), da madara da duk abin da aka yi da ita, da sukari, a koma ga nama, kifi, ganye, saiwoyi da 'ya'yan itace. Masana biyu a Amurka, Boyd Eaton da Melvin Konner, su suka fito da tunanin fili a wata maƙala a 1985, wato a koma cin irin abin da mutanen zamanin dutse suka ci, daga baya Loren Cordain ya yaɗa shi da littafinsa na 2002. Wanda na bi ya fi wannan tsanani, shi ake kira AIP, wato paliyon da aka tsara don masu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin. A cikinsa har ƙwai ana ajiyewa, da kofi, da ƙwayoyi irin su riɗi da yazawa, da dukan dangin tumatir: tumatir ɗin kansa, tattasai, barkono, yalo da dankalin Turawa. Ni dai labarin abin da mutanen zamanin dutse suka ci bai taɓa zama hujjata ba. Abin da ya ja ni shi ne hanya ce ta bincike, ta wata ɗaya ko biyu, kuma bincike ba ya yiwuwa in kullum ana karya shi.

Kuskurena na farko a bango yake manne. Na rubuta doguwar takarda ta abin da ba zan ci ba, na liƙa a kicin, ban rubuta ko layi ɗaya na abin da zan ci ba. Duk rayuwata hatsi ne ginshiƙin faranti, nama da ganye 'yan rakiya ne. Da na zare ginshiƙin sai na bar 'yan rakiyar a yadda suke, yanka biyu na nama da ɗan ganye a gefe, ina tsammanin za su riƙe ni. Ina! Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 130, kabeji mai nauyin nan kuwa 25 ne kacal. Sai kin ci kabeji ninki biyar kafin ki kamo abin da kika cire. Yunwar da ta tura ni ga burodi ba raunin zuciya ba ce, lissafi ne ban yi ba.

Da na sake farawa sai na zauna da biro. Na daina ƙirga kwanaki, na koma ƙirga ci: sau uku a rana, kwana bakwai, ci 21 ke nan a mako, kuma kowanne sai na san inda zai fito tun kafin yunwa ta zo. Na ware wa kowane ci ɗanyen nama ko kifi giram 150. In aka dafa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya dawo kamar tafin hannu. Da na ninka sau 21 sai ga kilo uku da 'yan kai, ni kaɗai. Na daɗe ina kallon lambar nan. A makon farko ko rabinta ban saya ba.

Ba wai sai tsoka zalla ba. Na raba shi: niƙaƙƙen naman sa, cinyoyin kaza da fatarsu, nama mai ƙashi na dogon dahuwa, kifi sau uku ko huɗu. Cinyar kaza ta fi ƙirji amfani a wannan tsari, saboda maiƙonta, kuma ba ta bushewa in an ɗumama. Hanta sau ɗaya a mako, 'yar kaɗan, domin bitamin A ɗinta na da yawa sosai, shi ya sa ma ake hana mai juna biyu cin ta. Sadin na gwangwani da ƙayarsa ya zama abokin tafiya, tunda barin madara na nufin an rufe babbar ƙofar kalsiyam, kuma ƙayar nan mai laushi tana cike wani ɓangare na giɓin. A dai karanta jikin gwangwanin, wani a cikin man waken suya yake, wani a miyar tumatir.

Ranaku biyu nake girki mai yawa, Lahadi da Laraba. Dalili kuwa dafaffen nama kwana uku zuwa huɗu yake yi lafiya a firji, ba mako ba. Abin da ya wuce na kwana uku sai in raba shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ci ɗaya, in jefa a firiza. Dabarar da ta fi yi mini rana ita ce dafa naman salam, gishiri da ɗan citta kawai. Ɗanɗanon sai a lokacin ɗumame: yau lemun tsami da na'a-na'a, gobe kurkum da madarar kwakwa, jibi tafarnuwa da man zaitun. Tukunya ɗaya, amma baki ba ya gane jiya ce ta dawo. Dunƙulen ɗanɗano na ajiye shi gaba ɗaya bayan na karanta abin da ke rubuce a bayan kwalinsa, na maye gurbinsa da romon ƙashi da nake dafawa na daskarar.

Karin kumallo shi ya fi ba ni wuya, nesa ba kusa ba. Babu burodi, babu ƙwai, babu shayi da madara, to me ya rage? Kwana da kwanaki ina neman abin da zai yi kama da abincin safe, har na gane neman ne matsalar. Abincin safe abinci ne kawai da aka ci da safe. Ranar Lahadi nakan kwaɓa niƙaƙƙen nama da yankakkiyar albasa da gishiri, in mulmula shi faifai-faifai guda 14, in gasa, in daskarar. Da safe biyu a kasko, ga dafaffen dankalin Hausa na jiya, ga alayyafo da na jefa a man da ya rage. Minti goma. Ƙanwata da ta kwana gidana ta kalli farantin ta ce, "Yaya, wannan ai abincin rana ne." Na ce mata shi ne ke kai ni azahar ba tare da jiri ba.

Dankalin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Duk da sunansu ɗaya, ba dangi ba ne shi da na Turawa, don haka tsarin bai hana shi ba. Mutane da yawa na ɗauka paliyo na nufin ƙaurace wa duk wani abu mai sitaci, sai su wayi gari da ciwon kai da kasala su ce tsarin bai karɓe su ba. Ni kowane faranti sai da abu mai nauyi a ciki, dankali ko kabewa ko doya, da cokali guda na mai a kan ganyen. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kuwa, kada ya taɓa yawan sitacin abincinsa sai da sanin likitansa, don sukarin na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Miya ba tumatir ba barkono ta kusa sa ni kuka. Abin da na samu ya ɗan rage zafi shi ne karas da kabewa da albasa da ɗan bitirut (wata jar saiwa), a dafa su luguf, a niƙa, a matsa lemun tsami. Launin ya yi ja, tsamin ya zo. Ba tumatir ba ce, kuma ba zan ce muku ita ce ba, amma tana riƙe nama, citta kuma na ba da ɗan yajin da harshe ke nema.

A mako na biyu wani abu ya rikita ni: cikina ya ƙara kumbura fiye da da. Na buɗe littafin da nake rubuta duk abin da na ci da yadda na ji, sai na ga kwana uku a jere ina cin ɗanyen kabeji cike da kwano, ga albasa da tafarnuwa a komai. Su ma fa suna tara iska, balle ga hanjin da bai saba da ganye mai yawa haka lokaci guda ba. Na koma dafa ganyen, na rage albasa, na ƙara karas da kokwamba da alayyafo. Cikin kwana uku abin ya lafa. Ba don littafin nan ba da na yanke hukuncin tsarin ne bai yi ba. Tun daga nan na daina cusa sabbin abubuwa barkatai. Ganye iri biyar ko shida nake juyawa a mako, domin in wani abu ya motsa in san wa zan tuhuma.

Da na cika kwana 30, kumburin ya ragu sosai, ƙaiƙayin kuwa ya yi sauƙi amma bai tafi duka ba. Na fara dawo da abinci ɗaya-ɗaya, in ci kaɗan, in ƙara a ranar, sannan in janye shi in jira kwana biyar ina lura, sauran farantin kuma ban canza komai a cikinsa ba. Gwaiduwar ƙwai ta wuce lafiya, farin ma haka. Shinkafa ta wuce. Madara kuwa ko kwana ba ta yi ba cikina ya ɗaure kamar ganga, na rubuta na kai wa likita. Yau kwana uku ke nan da gwajin gyaɗa, shiru dai har yanzu. Ranar Asabar in Allah ya kai mu tumatir ne a layi, na riga na ajiye guda biyu a firji, kusa da ƙullin naman Laraba.